Za a datse kogin garinmu don noman rani da lantarki: me za mu duba kafin mu amince?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ne sakataren ƙungiyar ci gaban garinmu, a kudancin Jigawa. An zo mana da maganar za a datse kogin da ya ratsa ta gabas da mu, a tara ruwan noman rani da na sha, a kuma sa injin wutar lantarki mai ƙarfin megawat 3. Dagaci ya ce in wakilci ƙungiya a zaman da za a yi da injiniyoyi. Me zan duba, me zan tambaya, don kada mu amince da abin da ba mu gane ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Allah ya saka wa Dagaci da alheri da ya ga dacewar a yi tambaya tun ba a kawo katafila ba, domin da zarar an fara zuba ƙasa, magana ta wuce hannun mutanen gari.

Ka fara da lissafin ruwa. Kogunanmu ba irin Neja ko Binuwai ba ne. Suna kawo ruwa daga Yuni zuwa Oktoba, mafi yawansa a Agusta da farkon Satumba, sauran watannin kuma yashi ne. Dam ba ya ƙara wa kogi ko ɗigo. Abin da yake yi shi ne ya riƙe ruwan damina ya sake shi da rani, kuma a wajen riƙewar wani kaso yana salwanta. Saboda haka tambayarka ta farko ita ce: ruwa nawa kogin nan yake kawowa a shekara, a ina aka auna, shekara nawa aka yi ana aunawa?

Ana auna ruwan dam da kubik mita, wato lita 1,000, daidai da durom biyar. Bari in kafa maka misali da lambobi masu sauƙi, in sun ba ka nasu sai ka musanya. A ce faɗin ƙasar da ruwanta ke gangarowa cikin kogin kafin ya iso inda za a datse murabba'in kilomita 1,000 ne, ruwan sama kuma milimita 800 a shekara. Ruwan da ya sauka ke nan kubik mita miliyan 800. Amma mafi yawansa ƙasa ce ke shanyewa, shuka ta sha, rana ta ɗauke. A ƙasa mai dutse a ƙarƙashi, irin ta kudancin Kano da wajen Birnin Kudu da Gwaram, abin da ke isa kogi bai cika wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ba. A ƙasar jigawa mai rairayi ta wajen Gumel da Haɗejia kuwa bai ma kai haka ba. To mu ce miliyan 100 ne ke shiga dam ɗin a shekara mai matsakaicin ruwa.

Yanzu sai a fara cirewa. Ruwan da ke shimfiɗe a fili a yankinmu, rana da iskar hunturu suna ɗauke masa zurfin kusan mita 2 a shekara. Wannan shi ne babban abin da ke cin dam a ƙasar Hausa, kuma shi ne aka fi saurin tsallakewa a wajen taro. In dam ɗin zai riƙe miliyan 80, tafkinsa ya mamaye murabba'in kilomita 16, zurfinsa a tsaka-tsaki mita 5 ne kawai. Ko an cire ruwan saman da ke sauka a kansa, an kuma yi la'akari da cewa tafkin yana tsukewa da rani, asarar za ta doshi miliyan 20. Shi ya sa wurin da kogi ya bi ta tsakanin tuddai biyu, inda za a sami tafki mai zurfi marar faɗi, ya fi wurin da yake shafe nesa ba kusa ba. Ka raba yawan ruwan da suka ce dam zai riƙe da faɗin tafkin. In zurfin da ka samu bai wuce mita 3 ko 4 ba, ka san rabin ruwan rana za a tara wa.

Cire wani miliyan 5 na abin da zai tsiyaye ta ƙarƙashin ƙasa. Cire miliyan 25 da dole a sakar wa mutanen da ke ƙasa da ku, wato garuruwan da kogin ke bi bayan ya wuce dam ɗin. Saura miliyan 50. Ruwan sha ba shi ne matsala ba: mutum 100,000, kowa lita 50 a rana, bai kai miliyan 2 a shekara ba. Noma ne ke shan ruwa. Shinkafar rani, in aka haɗa da abin da ke ɓacewa a kwatoci da magudanai, tana cin wajen kubik mita 12,000 a kowace hekta, wani lokaci fiye. Alkama da tumatir ba su kai haka ba. Ke nan dam ɗin misalinmu zai ɗauki hekta 4,000 na shinkafa, in damina ta yi kyau.

In damina ba ta yi kyau ba fa? Nan ne ake gane aikin da aka yi wa nazari da wanda aka zana a ofis. In ruwan sama ya ragu da kashi ɗaya cikin huɗu, ruwan kogi yana iya raguwa da rabi, domin sai ƙasa ta ƙoshi kafin ta saki rara. Miliyan 100 ya koma 50, amma rana ba za ta rage nata ba, tsiyaya ma haka. In aka ba mutanen ƙasa haƙƙinsu, babu abin da zai saura wa noman rani. In aka ba manoman rani, fadamun ƙasa sun bushe. Dattawanku sun san farin 1973 da na 1984, sun kuma san cewa fari ba ya zuwa shekara ɗaya ya tafi. Ka ce a nuna maka lissafin wata-wata na aƙalla shekara 30, wanda ya haɗa da shekarun 1970 da 1980, a nuna a shekara nawa ne dam ɗin zai kasa cika. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce ruwan noma ya wadata a shekara 4 cikin 5, na sha kuma kusan kowace shekara. In suka ce babu ma'aunin ruwa a kogin, sun kwatanta ne da wani kogi na kusa, ba laifi ba ne, ana yin haka. Amma su faɗi wane kogi ne, su kuma rage buri gwargwadon rashin tabbas ɗin.

Sai maganar wuta, wadda na san ita ta fi faranta ran matasa, kuma a ganina ita ce mafi rauni a irin wannan alkawari. Ƙarfin lantarkin da ruwa ke bayarwa ya dogara da abu biyu: yawan ruwan da ke bi ta farfelar injin a kowace daƙiƙa, da tsayin da yake faɗowa daga saman tafki zuwa mafita. Lissafin a taƙaice: ka ninka kubik mita a daƙiƙa da tsayin a mita, ka ninka da 8, ka sami kilowat. In tsayin faɗowar mita 12 ne, ana son megawat 3, wato kilowat 3,000, sai an riƙa sakin kubik mita 31 a kowace daƙiƙa. A rana guda miliyan 2.7 ke nan. Duk ruwan da muke da shi na saki a shekara, na noma da na mutanen ƙasa a haɗe, miliyan 75 ne. Injin zai cinye shi cikin kwana 28.

In kuwa aka baza ruwan ya kai shekara, abin da za a samu bai wuce kilowat 240 ba dare da rana, wato wajen yunit miliyan 2 a shekara. Lambar da ke jikin allo girman injin ce kawai. Abin da ya kamata ka tambaya shi ne yunit nawa zai bayar a shekara, nawa kuma a watan Mayu, lokacin da ruwa ya ja baya, tsayin faɗowa ya ragu, zafi kuma ya sa kowa na neman wuta. Akwai wani abu kuma: in babbar magudanar noma za ta ɗebi ruwa daga can sama don ya iya gangarawa gonaki da kansa, wannan ruwan ba zai faɗo mita 12 ba, ƙila ma ba zai bi ta injin ba sam. Ka ce a nuna maka a zane inda injin zai zauna da inda magudanar za ta fita.

Ka dubi Tiga. An kammala ta a 1974, aikin da aka faro zamanin Audu Bako, an tsara ta ta riƙe kusan kubik mita biliyan 2, bangonta ya doshi mita 50 a tsayi. Duk da wannan girma, tashar lantarkin da gwamnatin Kano ta gina a jikinta megawat 10 ce, kuma sai bayan kusan shekara 40 da gina dam ɗin aka fara aikin tashar. Kainji, da ke kan Neja mai gudu rani da damina, megawat 760 ce. Dam ɗin da bai kai kashi 5 cikin 100 na Tiga ba, a ce zai ba da megawat 3 tsayayye, akwai abin dubawa.

Ba ina cewa kada a sa injin ba. In dai za a saki ruwan ko ta yaya, ƙaramin injin da aka auna shi daidai da ruwan noma riba ne, kuma yana da fifiko ɗaya a kan sola: yana aiki da dare. Amma a kwatanta kuɗi. Yunit miliyan 2 a shekara, sola mai ƙarfin megawat 1.3 za ta bayar da shi a ranar da muke da ita, a filin da bai wuce hekta 3 ba, ba tare da an tashi gida ko ɗaya ba. Don haka kada a bari wuta ta zama hujjar gina dam. Ka kuma tambaya ina wutar za ta. In babban layi za a zuba ta, ba lallai garinku ya gan ta ba. Sai an sa layi da taransifoma da mita na garin a cikin kuɗin aikin, an rubuta wanda zai sayar da wutar da wanda zai gyara injin in ya tsaya.

Yanzu bangon kansa. Kusan duk dam ɗin da ke Kano da Jigawa na ƙasa ne, ba na kankare ba, kuma dam ɗin ƙasa yawanci hanya biyu yake mutuwa: ko ruwa ya haura ta kansa, ko ya huda ta cikinsa.

Haurawa tana faruwa ne in mafitar rara, wato hanyar da aka gina don ruwa ya wuce in dam ya cika, ta yi ƙanƙanta ko ta toshe. Ruwa in ya bi ta kan bangon ƙasa, cikin 'yan sa'o'i yake yanka shi. Mutanen Kano ba su manta da Bagauda ba, da ta ɓalle a Agustan 1988 bayan ruwa mai yawa, ga kuma abin da Alau ta yi wa Maiduguri a Satumban 2024. Ita kanta Tiga, a 1992 sai da aka rage tsayin mafitar rararta don a sauƙaƙa wa bango, aka haƙura da wani kaso na ruwan da take riƙewa. Ka tambaya wace irin ambaliya aka auna mafitar da ita. In suka ce ta shekara 100, kada ka ɗauka sai bayan shekara 100 za ta zo. Ma'anarta kowace damina akwai yiwuwar 1 cikin 100, wanda a tsawon shekara 50 ya kai kusan 40 cikin 100. Dam ɗin da akwai garuruwa a ƙarƙashinsa, da ambaliyar shekara 1,000 ko 10,000 ake auna shi. Ka tambayi ratar da aka bari tsakanin ƙololuwar ruwa da saman bango, wadda bai kamata ta gaza mita ɗaya da rabi zuwa biyu ba saboda igiyar ruwa da zaman da ƙasa ke yi bayan gini. A ƙauye kuma na fi son mafita marar ƙofa, wadda ruwa ke tsallakewa da kansa. Mai ƙofa tana buƙatar wuta, da mai, da ma'aikacin da ke farke ƙarfe biyun dare a watan Agusta.

Hudawa ta fi wayo, domin a ɓoye take farawa. Ruwa yana samun 'yar hanya ta cikin bango ko ta ƙarƙashinsa, yana ɗibar ƙasa kaɗan-kaɗan, hanyar tana faɗi har ta zama rami. Maganinta tun wajen gini ne. Ana haƙa rami a tsawon gindin bangon har a tarar da dutse ko ƙasa mai tauri, a cika shi da yumɓu. Ana sa zuciyar yumɓu a tsakiyar bango, a bayanta a jera tataccen yashi da tsakuwa waɗanda za su bar ruwa ya wuce su riƙe ƙasa, sannan magudanar duwatsu a gindin baya. Ƙasar kuma ba jibge ta ake yi ba: shimfiɗa-shimfiɗa ake zubawa, kaurin santimita 20 zuwa 30, a jiƙa ta daidai, rola ta danne, a gwada kafin a zuba ta gaba. Gefen da ke kallon ruwa a kwantar da shi, mita 3 a kwance ga kowace mita 1 a tsaye, a lulluɓe shi da duwatsu. Inda 'yan kwangila suka fi yin ha'inci shi ne tataccen yashin nan da dannewar, don ba a gani bayan an rufe. Wuri mafi haɗari kuma shi ne kewayen bututun da ya ratsa bangon, inda rola ba ta iya shiga. Ka tambaya rijiyar gwaji nawa aka haƙa a layin bangon, me aka tarar, daga ina za a ɗebo yumɓu, wa zai sa ido a kan ɗan kwangila, kuma wa ke biyan mai sa idon. Kwarin kogunanmu yakan tara yashi mai zurfi ko da akwai dutse a gefe, kuma bangon da aka ɗora kan yashin ba tare da an yanke shi ba ta ƙasa zai riƙa zubar da ruwa.

Wannan ka koya wa mutanen gari ko bayan an gama: danshi ko ruwa garai-garai a gindin bango abu ne da aka saba, in dai ba ƙaruwa yake ba. Ruwa mai laka, ko wurin da ke ɓulɓulowa da yashi, ko tsagewa a tsawon saman bango, ko wani loko da ya faɗa, a kai rahoto a ranar. Kada a bar itace ya girma a jikin bango, kada a bar suri, kada a yi turbar shanu a kai.

Laka da yashi su ne ke ƙayyade shekarun dam. Duk abin da zaizaya ta kwaso daga gonakin sama a tafkin zai kwanta. Manyan dam suna jurewa, ƙanana ne ke cikewa, har ka ga wurin da aka tara ruwa ya koma filin ciyawa. Ka tambaya nawa aka ware wa laka a cikin miliyan 80 ɗin, na shekara nawa, kuma akwai ƙofa a can ƙasa da za a iya wanke ta da ruwan farkon damina? Yashe dam da inji yana da tsada sosai, kada ka karɓi "za a riƙa yashewa" a matsayin amsa.

Abin da na fi so ka tsaya a kansa a taron shi ne mutanen da ke ƙasa da ku, ko da ba a gayyace su ba. Kogin Kano da na Challawa su ne suka haɗu suka zama kogin Haɗejia. Bayan Tiga, aka ƙara dam ɗin Challawa a Ƙaraye a 1992. An sami alheri: noman rani na Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, da ruwan famfo na birnin Kano, duk daga nan suke. Amma yanayin kogin ya sauya. Ambaliyar damina da ke shimfiɗuwa a dausayin Haɗejia da Nguru ta kawo kifi da shinkafa da ciyawar rani, ta kuma cika rijiyoyi, ta ragu. A madadinta sai ga ɗan ruwa yana gudu duk shekara a magudanan da a da suke bushewa. Wannan shi ciyawar kachalla take so. Ta cika hanyoyin ruwa, laka ta taru a gindinta, ruwa ya rasa hanya ya koma gonaki da gidaje a wani wuri, wani wurin kuma ya daina zuwa gaba ɗaya, ga tsuntsu jan baki ya sami maɓoya. Binciken da masana tattalin arziki suka yi a shekarun 1990 ya nuna cewa ribar noman ranin da ake samu a sama ba ta kai asarar da dausayin ke yi ba, in aka auna da ruwan da aka kashe. Irin wannan ja-in-jar ce ta dabaibaye dam ɗin Kafin Zaki a kan kogin Jama'are shekara da shekaru, domin mutanen Yobe sun san yawancin ruwan da ke isa Gashuwa daga Jama'are yake.

Kogin ku, ko ya faɗa Haɗejia ko ya faɗa Jama'are, akwai masu shan sa. Saboda haka a rubuta yawan ruwan da za a saki, da lokacin. Ɗan tsiyaye na kullum ba ya maye gurbin ambaliya. Fadama tana buƙatar a sakar mata ruwa mai yawa a Agusta, sannan a bar magudanar ta bushe na wani lokaci da rani. Wannan yana buƙatar ƙofar ƙasa mai girma, kuma tun a zane ake sa ta.

Daga nan za ka ga cewa buƙatun dam ɗin suna karo da juna. Manomin rani yana son a cika shi maƙil a Satumba, a sake daga Nuwamba zuwa Afrilu. Mai wuta yana son saki iri ɗaya kullum da ruwa a sama. Mai tsoron ambaliya yana son a bar wuri a buɗe a Agusta. Wanda ke riƙe da makullin ƙofa shi zai zaɓa. Ka tambaya wa zai mallaki dam ɗin, jiha ce ko Hukumar Raya Kogunan Haɗejia da Jama'are, wa ke kan gaba in ruwa ya yi ƙaranci, kuma da wane kuɗi za a biya mai gadi da mai da gyaran ƙofa a shekara ta goma. A kuma rubuta yadda za a sanar da garuruwan ƙasa kafin a saki ruwa: wa zai kira wa, sa'a nawa kafin ruwan ya iso, ina mutane za su nufa. Wanda ya ga daminar 2022 a Ringim da Auyo da Kafin Hausa ba sai an yi masa bayanin amfanin wannan ba.

Sai ku kanku. Tafki mai murabba'in kilomita 16 hekta 1,600 ne, kuma ba ƙasar banza zai ci ba, fadamarku ce da lambuna da mangwaro da ɗorawa. Sai a cire wannan daga hekta 4,000 na misalinmu, a cire kuma abin da zai mutu a ƙasa, kafin a ce ga riba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba gwamna ikon karɓar fili don amfanin jama'a, kuma diyyar da ta tanada ta abin da ke kan filin ce, gini da amfanin gona da itatuwa. Mai gonar gado da aka ba kuɗin gero na damina ɗaya ya tashi a tutar babu. Ku nemi gona a madadin gona, da rubutaccen kaso a cikin filin noman ranin ga waɗanda ruwa ya tasa, kafin a raba wa kowa. A ƙirga har da wanda ke noma gonar aro ko jingina ko haya, da matan da ke da gayauna, da masunta, da masu ɗibar yashi. A nuna inda burtali da mashaya za su koma, in ba haka ba rigimar manoma da makiyaya aka shuka. A yi maganar maƙabarta da malamai tun da wuri. Kuma a kafa turaku a ƙasa kowa ya gani da idonsa, layi biyu: inda ruwa zai tsaya in dam ya cika, da inda zai kai in an yi babbar ambaliya. Gidajen da ke tsakanin layukan nan biyu su ne ake mantawa da su. A biya, a gina sabon matsuguni da rijiya da makaranta, kafin a rufe kogi.

Lafiya ma tana cikin kuɗin aikin. Ruwan da ke kwance da ciyawa a gefe yana tara katantanwar da ke ɗauke da tsargiya, yaran da ke wanka a ciki su fara fitsarin jini, sauro kuma ya daina tafiya da rani. Gonar da ake ba ruwa babu magudanar fitar da shi kuwa, a hankali ruwan ƙasa yake tasowa ta yi kanwa. A sa rijiyoyin burtsatse na sha, da magudanan fitar da ruwa, a cikin kashin farko na aikin. Sau da yawa ana gama bango kuɗi ya ƙare, magudanan noma su zama kashi na biyu da ba ya zuwa, a bar mutane da tafki babu gona.

Doka tana bayanku a nan. Dokar nazarin tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992 ta wajabta a yi wa babban dam nazari, a ajiye rahoton a inda jama'a za su karanta su yi ƙorafi, kafin Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ta amince. Ku nemi kwafinsa da na rahoton nazarin yiwuwar aikin, ku ce a yi muku bayaninsu da Hausa, ku kai wa wani injiniyan ruwa da ba ya cikin aikin ya duba. A cikin rahoton ka nemi babin da aka kwatanta dam ɗin da wasu hanyoyi: gajerun rijiyoyin fadama da famfon sola, ƙaramar madatsa da ke ɗaga ruwa kawai ba ta tara shi ba, bangon da ake binnewa a cikin yashin kogi ya riƙe ruwa inda rana ba ta kai, ko gyaran dam ɗin da ake da su. In zurfin tafkin ya kai, gindin dutse ne, lissafin shekarar fari ya fita, an kuma ware wa mutanen ƙasa rabonsu, ni zan goyi bayan aikin don noma da ruwan sha, injin wuta kuma a sa ƙarami. In babu wannan babin a rahoton, an riga an yanke shawara kafin a yi nazarin.

Ku ma akwai abin da za ku fara tun daminar bana. Ku sami ginshiƙin gada ko dutsen da ba ya motsi a bakin kogi, ku zana masa ma'auni da fenti, santimita goma-goma. A sa mutum ɗaya amintacce ya riƙa rubuta tsayin ruwa safe da yamma, da ranar da kogi ya fara kawowa da ranar da ya yanke. Ku zagaya da dattawa su nuna inda ruwa ya taɓa kaiwa a manyan ambaliyoyin da suka gani, jikin kuka ne ko katangar masallaci, a sa alama a rubuta shekarar. Injiniyan kirki zai karɓi littafin nan hannu bibbiyu, domin da irin waɗannan alamun ake gwada ko girman mafitar rarar da ya zana ya isa.